Jan Zaren Hula a Bakin Kifi

Talata, 6 ga Mayu, biyar na yamma

Yau kwana tara Abba bai je asibiti ba. Ya ce hutu ya ɗauka. Tunda muka zo Landan ina da shekara takwas ban taɓa ganin ya yi mako guda a gida ba, kullum akwai wanda yake jiran a yi masa tiyata.

Na dawo daga makaranta na tarar da shi a teburin kicin, ya baje kayan ƙwarinsa na kamun kifi. Ina son kallonsa in yana wannan aikin. Ƙugiya ce 'yar mitsitsiya, sai ya naɗa mata gashin zabo da jan zare har ta koma kamar ƙwaron da ke sauka a kan ruwa, kifi ya gani ya zaci abinci ne. Jan zaren na mahaifinsa ne, wanda ya yi sana'ar ɗinkin hula a Kano har ya rasu. Abba yakan ce a wajensa ya gaji hannu, bambancin kawai shi fatar mutane yake ɗinkewa.

Ya ce, "Mamana, zo ki riƙe min nan."

Na riƙe. Ya ɗauki zaren zai naɗa, sai hannunsa na dama ya kama rawa. Ba kaɗan ba. Ya ɗora na hagu ya danne shi a kan tebur.

Ya ce, "Kin gani."

Na ce ban ga komai ba.

"Kin gani. Kada ki gaya wa Ummanki. Ni zan gaya mata da bakina in lokaci ya yi."

Na ce to. Na rubuta abin sau ɗaya, ba zan sake rubuta shi ba.

Laraba, 7 ga Mayu, bakwai da rabi na safe

Umma ta cika kofina, ta cika nata, ta zuba wa Abba shayi rabi. Ya kalli kofin, ya ɗauka ya sha.

Juma'a, 9 ga Mayu, shida na yamma

Kayan da Umma ta goge masa na zuwa masallaci ba su ne waɗanda yake so ba. Shaddarsa mai maɓalli a hannu tana can ƙasan wardrob, ta fito masa da jallabiyar da ake zurawa ta kai. Tun watan azumi take haka, yau ne na lura.

A littattafan da nake karantawa a waya, in mace ta yi fushi takan shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi ta kuka, mijin ya tsaya a waje yana lallashi, a babi na gaba an shirya har da kyautar turare. Umma ba ta rufe ƙofa. Guga take yi. Kuma ban san me aka yi mata ba, tunda ba ta san komai ba.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan azahar

Mun ƙulla yaji na matan unguwar Peckham, ƙulli sittin. Ni ina zubawa a leda, Umma tana ƙullewa. Ƙullinta daban ne: ta murɗa bakin ledar, ta lanƙwasa, ta bar ɗan kunne a waje, wanda ya saya in ya ja kunnen sau ɗaya ya kwance. Ta ce kakarta ce ta koya mata, don kada mai girki ta tsaya neman wuƙa miya tana ƙonewa.

Muna cikin yi ta ce, "Basma, me Abbanki yake ce miki in kun zauna a kicin?"

Na ce, "Maganar ƙwari kawai."

Ta ce, "Ƙwari." Ta ci gaba da ƙulli.

Sunana na gaskiya Mero, sunan mahaifiyar Abba, shi ya sa yake ce min Mamana, ita kuma Umma ba ta iya faɗar sunan surukarta sai ta laƙaba min Basma. Da ina jin daɗin samun suna biyu. Yanzu ji nake kamar mutum biyu ne, kowacce tana ɓoye wa ɗaya wani abu.

Litinin, 12 ga Mayu, takwas na safe

Ban faɗa ba.

Laraba, 14 ga Mayu, huɗu da rabi

Ya fita tun safe, ya ce wa Umma laburare za shi. Na buɗe akwatin ƙwarin ina neman almakashi, sai ga takarda a ninke a ƙarƙashin gashin zabon. Ta asibiti ce, amma ba nasu ba. Sunansa a sama, inda ake rubuta sunan majiyyaci. Appointment na gaba, wato ranar komawa, uku ga Yuni.

Na rubuta sunan sashen a wayata, na karanta layi biyu, na goge. Na mayar da takardar yadda take, na jera gashin a kanta.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan magariba

Muna cin tuwo Umma ta ce, "Dakta, zan je Kano in yi babbar salla da Hajiyata. Ɗaya ga wata jirgin."

Abba ya ajiye cokali. Da cokali yake cin tuwo yanzu, da hannun hagu a ƙasan tebur yana riƙe da gwiwar ɗayan. Ya ce, "Yaushe za ki dawo?"

"Ban yi booking ɗin dawowa ba."

Ya kira sunanta, "Sakina."

"Gidan da ba a gaya min komai, zamana a cikinsa da rashinsa ɗaya ne."

Na kalle shi. Wallahi na zaci yanzu zai faɗa. Ya ce, "Allah ya kai mu," ya tashi ya wanke hannunsa.

Saura kwana goma sha shida.

Lahadi, 18 ga Mayu, biyar na yamma

Uncle Dalyop ya zo. Abokin Abba ne tun suna jami'a a Jos, shi ma likita ne, kuma shi ya koya wa Abba wannan fatsar ta ƙwaron ƙarya. Shi kaɗai ne yake shigowa flat ɗinmu ya cika shi da murya.

Ya ce yana da ɗan gida a bakin wani rafi a Hampshire, na ƙungiyarsu ta masu fatsa, ya kama kwana uku a hutun makaranta na half-term amma aiki ya riƙe shi. Mu je mu maye gurbinsa.

"Madam, ki je ki ga inda maigidanki ke ɓata lokaci shekara shida. Ƙwari na fita yanzu, kifi na hauka."

Umma ta ce, "Ni in je in ga ƙato ya wuni a ruwa, ya kama kifi ya shafa masa kai ya ce sai an jima? Shekara shida ko ƙaya bai taɓa kawo min ba."

"Doka ne, Madam. A rafin nan kifi ya fi mu gata."

Ta ɗan murmusa, na farko a makon nan. Ta ce za ta tuƙa mu, tunda Dakta ya daina son tuƙi.

Da Abba ya raka shi ƙofa ina wanke kofuna, na ji Uncle Dalyop ya rage murya ya ce, "Masawudu, ni abokinka ne, ba matarka ba. Kar ka bari ta hau jirgin nan." Ban ji amsar Abba ba.

Talata, 20 ga Mayu, shida na yamma

Ya koya min ɗaura ƙwaro a bakin zaren fatsa. Zaren siriri ne kamar gashi, ba ya ganuwa sosai. A zura shi ta idon ƙugiyar, a naɗa sau biyar, a mayar da bakin ta ƙofar farko, a jiƙa da yawu, a ja a hankali. Da baki ya koya min, hannunsa yana cikin aljihu. Na yi sau ashirin kafin ya ce ya yi.

"In mun je ke za ki riƙa ɗaura min. Idona ya fara gajiya."

Ba idonsa ba ne. Ya san na sani.

Masu jan zaren hula saura uku a akwatin. Ya ce bara ya ɗaura su, kuma zaren ya kusa ƙarewa. Bai ce ba zai sake ɗaura wasu ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bakwai na yamma

Umma ta sauko da babban akwatinta ta ajiye a corridor. Kowa sai ya karkace kafin ya wuce.

Na daina karanta littafina a babi na talatin da takwas. Saurayin yana kwance a gadon asibiti, yarinyar ta riƙe hannunsa tana cewa me ya sa bai gaya mata ba. Da na san zan yi kuka mai daɗi in ci gaba. Yau haushinsu na ji.

Asabar, 24 ga Mayu, azahar

Kasuwar Deptford da Umma. Tana zaɓar attarugu na ce, "Umma." Ta juyo ta ce, "Na'am." Ta tsaya tana jirana, ledar a buɗe a hannunta. Na ce a ƙara albasa.

Rabin kofi. Ban faɗa ba.

Litinin, 26 ga Mayu, bakwai na yamma

Mun iso. Awa biyu a mota babu wanda ya yi magana sai matar da ke cikin waya tana cewa a juya hagu.

Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Garau yake, ana ganin tsakuwar ƙasa, ciyayi dogaye suna kwance a ciki suna kaɗawa kamar gashin da ake tajewa. Kifin kuma suna tsaye wuri ɗaya, kai a sama wajen da ruwa ke tahowa, bayansu da ɗige-ɗige ja da baƙi. Trout sunansu. Na yi ta tunanin in da ni ce a littafi, a nan za a ce ana sona, a kan 'yar gadar katakon can.

Mun haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa. Daga nan Abba ya sa dogon wandonsa na roba ya ɗauki sanda. In yana wurga zaren ba a ganin komai. Zaren ya tafi baya ya miƙe, ya dawo gaba ya kwanta a kan ruwa ba ƙara. Abban da na sani ne. Sai in ya tsaya ake ganin hannun.

Ya ba ni na gwada, na maƙale ɗaya daga masu jan zaren a saman bishiya. Ya ce ba komai. Saura biyu.

Umma ta shimfiɗa darduma nesa da mu, da filas da carbi.

Talata, 27 ga Mayu, biyar na yamma

Ya kama ɗan ƙarami da hantsi. Ni na zare ƙugiyar, ba ta da ƙayar baya don haka ba wuya. Ya ce in jiƙa hannuna kafin in taɓa shi, in riƙe shi a cikin ruwa har ya dawo hayyacinsa. Na ji zuciyarsa ko tawa, ban sani ba. Ya fizge ya tafi.

Umma daga kan darduma ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. A gaida mutan gida."

Na biyun ya tsinke a cikin ciyawar ruwa. Saura ɗaya.

Akwai wani babban kifi a ƙarƙashin bishiyar da ta sunkuyo kan rafin. Abba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce gobe in ƙwari suka fito.

Muna dawowa, Umma ta yi gaba, na ce, "Abba, saura kwana biyar."

"Na sani."

"Na gaji, Abba."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Ki ƙara haƙuri kaɗan, Mamana." Sai ya gyara riƙon sandarsa ya wuce.

Laraba, 28 ga Mayu, takwas saura na yamma, rana ba ta faɗi ba tukuna

Zan rubuta komai yadda ya faru, kada in manta.

Bayan la'asar ƙwarin suka fito. Farare-farare masu dogon bindi, suna tashi daga ruwa suna komawa, da yawa har suna sauka a mayafina. Ruwan ya cika da zobba, ko'ina kifi na ɗago baki. Babban ma ya fara. Kowane ɗan lokaci sai ka ga hancinsa ya fito ya koma.

Abba ya buɗe akwatin ya ciro na ƙarshe mai jan zare. Ya miƙo min da bakin zaren fatsar. "Mamana."

Na sa hannuwana a ƙarƙashin mayafi na riƙe su.

Ya sake cewa, "Mamana."

Na girgiza kai. Ban iya kallonsa ba, takalmansa na kalla. Ban shirya haka ba. Ko na shirya, ban sani ba.

Bai yi faɗa ba. Ya juya baya ya gwada da kansa. Na ga kafaɗarsa tana motsi. Sau uku zaren yana wuce idon ƙugiyar, a na huɗu ƙwaron ya faɗi cikin ciyawa, ya durƙusa ya lalubo shi. Ya daɗe a durƙushe. Kifin yana ta ɗagowa.

Sai ya tashi ya nufi dardumar Umma, yana jan ƙafa cikin wandon roba. Ya tsaya a gabanta ya miƙa mata hannu biyu, ƙwaro a ɗaya, zare a ɗaya. Bai ɓoye na daman ba. Ya bar shi a fili yana yin abin da yake yi.

Ya ce, "Sakina, ɗaura min. Hannun ya ƙi."

Umma ta ajiye carbi. Ba ta kalli ƙwaron ba, hannun ta kalla.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun kafin azumi."

"Tun Janairu. Ranar da ka fasa kofin da Hajiya ta ba mu, ka ce santsi ne."

Abba ya sunkuyar da kai, ita kuma ta ci gaba.

"Wa kake tsammani yake rage maka shayi? Wa ya ɓoye rigunan maɓalli? Shekara goma sha takwas ina kwana kusa da hannun nan, Dakta. Jira nake ka faɗa da bakinka. Ka gaya wa Dalyop, ka ɗora wa yarinya 'yar shekara sha biyar, ni kuma aka bar ni da guga."

Ya ce, "Kunya nake ji. Ban san ko ni wane ne ba in babu shi."

Ta ce, "Kawo nan."

Ta karɓa, ta zura zaren tashi ɗaya, ta ƙulla da sauri kamar ba ta duba ba. Ina nesa kaɗan, idona ya cika, ban ga irin ƙullin ba. Ta ce, "Je ka, kafin abokin naka ya ƙoshi."

Wurgi na farko ya faɗi gajere. Na biyu ya sauka sama da bishiyar, ruwa ya ɗauko jan ƙwaron a hankali. Hancin ya fito. Abba ya ɗaga sanda, ta lanƙwashe har ƙasa, kifin ya yi tsalle waje gaba ɗayansa, ya kai tsawon hannuna. Umma ta miƙe tsaye. Ina jin ta tana cewa riƙe shi, riƙe shi.

Sai sandar ta miƙe. Zaren ya dawo fayau, ba komai a bakinsa.

Abba ya jawo shi ya duba. Bai tsinke ba, kwancewa ya yi, bakin ya ɗan nannaɗe. Ya juyo.

"Sakina, wane irin ƙulli kika yi?"

"Wanda na iya."

Na ce, "Na yaji ne, Abba. Mai kunne."

Ya dubi zaren, ya dubi Umma. Ya zauna a bakin rafin ya rufe fuskarsa da hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Na zaci dariya ce, kuma da farko ita ce. Umma ta je ta zauna kusa da shi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da atamfarta mai kyau. Ta ce, "Na ƙarshen ne ko? Na zaren Baba?" Ya gyaɗa kai. Ta ce, "Ka yafe min." Ya ce ƙugiyar ba ta da ƙaya, kwana biyu za ta faɗi daga bakinsa, ba abin da zai same shi. Ta ce ba kifin take tambaya ba.

Na bar su na taho gidan. Ta taga ina hango su, har yanzu suna can. Ta riƙe hannun a cinyarta.

Alhamis, 29 ga Mayu, goma na safe

Muna haɗa kaya Umma ta shigo ɗakina ta gyara min mayafi, ko da yake a gyare yake. Ta ce, "Ranar attarugu na so in ce miki na sani. Sai na ga in na faɗa, na karɓe masa abin da shi ya kamata ya kawo. Mun yi miki nauyi, mu duka biyun."

Na yi kukan da ban yi ba tun shida ga wata.

Lahadi, 1 ga Yuni, tara na safe

Yanzu da tana filin jirgi. An ɗaga tafiyar zuwa Agusta, mu uku. Akwatin yana corridor har yanzu, amma a buɗe, ta fara kwashe tsarabar. Jibi za ta raka shi appointment. Ban tambayi me za a ce ba, kuma bai ce zai koma aiki ba.

Jiya da yamma ya ba ta sauran jan zaren, ɗan kaɗan ne a jikin kwali, ƙila ya isa ƙwaro biyu. Ya ce ni zan naɗa, shi zai faɗi yadda ake yi, ita kuma sai ta koyi naɗi biyar kafin a sake barinta kusa da rafi. Ta ce ƙullinta bai taɓa ba kowa kunya ba sai a Hampshire.

Da safen nan ta ɗauko buta ta cika masa kofi har baki. Ya kalle ta. Ta ce, "Na gaji da aune-aune."

Ya ɗauka, ya zube a faranti, kaɗan a kan tebur. Ta miƙa masa tsumma ta ci gaba da shafa wa burodinta bota. Ya goge da kansa, ya shanye sauran.